Injin da Bai San Goyo Ba

Ƙarfe bakwai na safe ba ta gama cika ba injin ya buɗe cikinsa. Ƙofar gilashi ta zame gefe, tururi mai sanyi ya fito, sai ga hannayen ƙarfe biyu sun miƙo jariri a kan tire, kamar mai fito da burodi daga tanda. Jaririn ya harba ƙafa, ya yi hamma, ya buɗe ido. A tsakiyar kowane ido akwai 'yar kyamara da ba ta fi ƙwayar gero ba.

"Mai nema lamba dubu huɗu da goma sha ɗaya," in ji muryar da ke fitowa daga bango. "Ga Ɗan-Gwajinki. Kwana arba'in za ki yi da shi. Duk abin da ya gani, Mizani ya gani."

"Sunana Tasalla," in ji matar da ke tsaye gaban injin. "Lamba a jikin mota ake rubuta ta."

Ta ɗauki jaririn ta jinjina shi a hannu. Roba ce, amma nauyinsa nauyin ɗan wata huɗu ne, wuyansa ma yana langaɓewa. Ba ta tsaya jin sauran bayanin bango ba. Ta sunkuya, ta cilla shi baya, ta ja zani ta ɗaure, ta ƙara da majanyi, ta fice.

Ga wanda bai san Birnin Tsauni na wancan zamani ba, bari a yi masa bayani. Gari ne da aka gina shi a tsaye, bene a kan bene har hawa saba'in, don a bar wa gonaki fili. Jiragen igiya ne ke kai mutane daga wannan bene zuwa wancan. Masu hali na sama, talakawa na ƙasa inda rana ba ta leƙawa sai da azahar. Tasalla a hawa na uku take kwana, amma aikinta a can ƙololuwa yake, wankin farantan rana da ke ba garin wuta. Shekara ashirin da shida tana wannan aiki. Takan ce daga safe zuwa la'asar, duk wani mai kuɗi a garin nan a ƙarƙashin ƙafarta yake.

Shekarunta hamsin da bakwai, mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Amma bayanta bai taɓa hutawa ba. 'Ya'yan ƙannenta da na maƙwabta, guda tara ta goya har suka taka ƙasa, duk suka girma suka kama gabansu.

To, akwai wata yarinya, Ladidi, da suke wanki layi ɗaya a kan rufi. Mijin Ladidi ya rasu tana da ciki, ita kuma ta haihu, kwana ashirin ta bi shi. Danginsu na can wata ƙasa da ruwa ya cinye, ba a san inda suka watse ba. Ranar da Tasalla ta je duba ta asibiti, Ladidi ta kama hannunta ta ce, "Inna, ga shi nan na ba ki." Tasalla ta ce, "Na karɓa. Allah Ya taya ni riƙo."

A zamanin kakanninmu magana ta ƙare ke nan. Yaro ya samu uwar riƙo, sunan ubansa na nan a kansa ba a goge ba, kowa ya san matsayinsa. Amma Birnin Tsauni yana da doka. An sha ganin masu karɓar maraya su mai da shi ɗan aikin gida, don haka hukumar gari ta ce ba wanda zai ƙara riƙon yaro sai an auna shi. Niyyar ba ta da laifi, wannan kam a faɗi gaskiya. Sai dai ba mutum aka ba awon ba. Wata ƙwaƙwalwar inji aka ba, mai suna Mizani. Matakin farko shi ne Ɗan-Gwaji: jaririn roba mai yunwa da kuka da fitsari, wanda ake sa wa sunan yaron da kake nema. Yana gani, yana ji, yana auna ɗumi da motsi, kullum yana aika wa Mizani. In ka ci, a ba ka yaro. In ka faɗi, yaro ya ci gaba da zama a Gidan Reno, inda hannayen ƙarfe ke ba da madara.

Sunan ɗan Ladidi Haladu. Sunan marigayi mijin Tasalla ma Haladu.

Da ta dawo gida, maƙwabciyarta Marka mai ƙosai ta tare ta a bakin matakala.

"Barka da arziki, mai jego! Ina za mu ci tuwon suna?"

"A shagon mai gyaran rediyo. Can danginsa suke."

Marka ta yi dariya har da riƙe ƙugu, sannan ta matso ta rage murya. "Ke, ban da wasa. Akwai wani a hawa na goma sha biyu da ke koya wa mutane yadda ake cin wannan abu. Wai ki riƙa ɗaga shi saitin fuskarki kina murmushi, ki kira sunansa sau ɗari biyu a rana. Matar ɗan'uwana haka ta yi, ta ci. Sauran lokacin ma a kan kujera take yar da shi."

"Ni za a koya wa reno?" Tasalla ta dafe ƙirji. "Ni? Tara na goya, Marka. Ɗaya soja ne, ɗaya tana tuƙa jirgin igiya. Kuma in buɗe baki in kira sunan Malam sau ɗari biyu? Shekara talatin muna zaune da shi sunan nan bai fita bakina ba. Sai yanzu, don roba ta ji daɗi?"

"Injin bai san Malam ba."

"Sai ya koya."

Haka ta yi kwana arba'in. Da asuba ta yi masa wanka, ta shafe shi da man kaɗe har robar ta riƙa sheƙi. Ta goya shi ta hau rufi, tana goge farantai yana bayanta, ta lulluɓa masa mayafi don rana. In ya motsa, kafin ya buɗe baki ta ji shi a ƙashin bayanta, ta sauke ta ba shi kwalba, ta mayar. Tana kiransa Mai-sunan-Malam, wani lokaci Maigida, in ya yi mata fitsari kuma Ɗan banza mai kan kwakwa. Abokan aikinta suka ce tunda aka fara ba da Ɗan-Gwaji ba su taɓa ganin wanda ba a jin kukansa ba sai nata. Ta mayar da shi ran arba'in tana taƙama, har da yi masa sabuwar hula.

Bayan kwana uku saƙo ya shigo bangon ɗakinta, muryar ta karanta mata. Maki goma sha tara cikin ɗari. Ba ta dace da riƙon yaro ba. Akwai alamun sakaci da ganganci.

Tasalla ta ce a sake. Aka sake. Ta cire takalminta ta jefi bangon.

Ganganci! Wai ita. Matar da tun tana 'yar shekara tara ake ɗaura mata ƙani a baya!

Ta ɗaukaka ƙara. A nan ne ta ga abin da ya fi faɗuwa ciwo. Ofishin ƙara ma inji ne, kuma layi gare shi. Ta je ranar farko aka ce ta dawo bayan wata uku. Ta dawo aka ce yatsanta bai hau ba, sabulun wanki ya cinye zanensa. Ta kawo shaidu aka ce shaidar mutum ba ta soke awon Mizani, sai dai a zauna gaban kwamiti, kwamitin kuwa sau biyu yake zama a shekara. Duk Juma'a takan je Gidan Reno, amma wanda ya faɗi gwaji ba ya wuce gilashi. Ta nan ta ga Haladu ya fara zama. Ta nan ta ga ya fara rarrafe, ya miƙe yana dafa gado. Bai taɓa juyowa ya dube ta ba. Me zai duba? Wata tsohuwa ce a bayan gilashi tana ɗaga hannu.

Sai da aka yi shekara da wata biyar kafin aka kira ta.

Zauren kwamiti a hawa na sittin yake. Mutum biyu ne a bayan tebur. Shugaban, Dokta Sammani, dattijo ne mai furfura da tabarau. A gefensa Injiniya Nuratu, matashiyar da ke kula da Mizani, tana riƙe da allon hannu. Marka ta rako Tasalla ta zauna a baya da ƙullin ƙosai a jaka, wai ko za a daɗe.

"Inna, zauna mana," in ji Dokta Sammani.

"Ranka ya daɗe, na gode. A tsaye aka zage ni, a tsaye zan ji dalili."

Nuratu ta taɓa allonta, bango ya kawo rubutu. "Inna, abu na farko, Mizani ya ce a kwana arba'in ba ki kira sunan yaron ba ko sau ɗaya. A ma'auninsa, wannan rashin shaƙuwa ne."

Tasalla ba ta ko dube ta ba. Shugaban ta tsare da ido. "Ranka ya daɗe, in tambaye ka. Mahaifiyarka, Allah Ya jiƙanta in ta rasu, ka taɓa jin sunan mahaifinka a bakinta?"

Dattijon ya gyara tabarau. "Ba wannan muka zo..."

"Ka taɓa ji?"

"Ban taɓa ji ba."

"Ƙinsa take yi?"

Ya girgiza kai.

"To yaron nan sunan maigidana ya ci. Mu sunan da muka fi girmamawa shi muke sakayawa. Wanda ba mu damu da shi ba, tun daga bakin titi muke ƙwala masa kira. Injinku ya ɗauki kunya ya ce ƙiyayya ce. Sai na gaba, 'yar nan."

Nuratu ta sake duba allonta. "Na biyu ya fi nauyi, Inna. Ya ce awa goma sha ɗaya a kowace rana kina ajiye yaro fuskarsa na kallon bango, ba ya ganin mutum. Kuma kina jingina shi da wani abu mai zafi, ƙila murhu ko na'urar ɗumama ɗaki. Wannan ne ya kira ganganci."

"Bango? Wane bango ne a kan rufi? Nuna min."

"Ba a saba buɗe hoton ba. Lissafin kawai ake dubawa."

"Wato shekara da shekaru kuna yanke wa mutane hukunci, ba wanda ya leƙa ya ga abin da 'yar tsanarku ta gani? Buɗe min!"

Nuratu ta dubi shugaban, ya gyaɗa kai. Ta shiga ma'ajiyar Mizani ta ciro abin da idon Ɗan-Gwaji ya ɗauka a rana ta goma sha biyu, ta watsa a bango.

Hoton ya cika zauren. Shuɗi ne da manyan furanni ruwan ɗorawa, yana ɗagawa yana sauka a hankali. A can sama akwai wani abu baƙi mai gumi, da bakin ɗankwali.

Daga baya Marka ta ƙyalƙyale da dariya. "Wallahi atamfarki ce! Wadda muka yi anko bikin Hanne!"

Tasalla ta juya wa kwamiti baya, ta bugi bayanta da tafin hannu. "Ga bangonku. Ga kuma ƙeyata can sama. 'Yar nan, zafin murhun nawa ne?"

Nuratu ta duba. Muryarta ta yi ƙasa. "Talatin da bakwai. Bai hau ba, bai sauka ba."

"Ni ban yi boko ba. Wane murhu ne haka?"

"Ba murhu ba ne, Inna. Zafin jikin mutum ne."

"Alhamdulillahi. Ashe ni mutum ce."

Abin da ya faru ba wani sihiri ba ne. Mizani bai san uwa ba, nuna masa aka yi. Waɗanda suka ƙera shi sun ɗura masa dubban awoyi na hotunan iyaye da jarirai, kuma duk daga gidajen da ke da kyamara a ɗakin yara suka samo su, gidajen da jariri ke kwana a gadon lilo na lantarki, uwa ta leƙo ta sama ta yi masa wasa. A wajen Mizani, ƙauna fuska ce da ke leƙowa tana kiran suna. Matar da ta ɗauki ɗa ta manna shi da jikinta yini guda, ta ji yunwarsa kafin ya yi kuka, ba ta cikin abin da aka nuna masa. Da ya rasa inda zai sa ta, sai ya sa ta a layin masu ganganci.

Dokta Sammani ya cire tabarau ya daɗe yana murza ido. "Injiniya, mutum nawa aka kayar da wannan dalili na bango da murhu?"

Nuratu ta tambayi allonta. Amsar ba ta ɗauki daƙiƙa biyu ba. "Dubu biyu da ɗari shida da talatin, ranka ya daɗe. Kusan duk daga hawa na ɗaya zuwa na goma."

"Su nawa suka ɗaukaka ƙara?"

"Ita kaɗai."

"Sauran sun yarda ne," in ji Tasalla. "Inji ya ce ba su iya ba, suka koma gida suka yi kuka, suka ce ƙila gaskiya ne. Ni kuwa na san abin da na sani. Kuma ba alfarma na zo nema ba, Dokta. Takarda nake so, da hatimi, a rubuta cewa Mizani ne ya yi ƙarya ba Tasalla ba. A karanta ta a bangon kowace mata da aka yi wa wannan ƙazafi, da muryar nan da ta zage su. Sannan a ba ni ɗana."

"Za a yi, Inna."

"Yau."

Aka yi a ranar. Da ta fito daga zauren tafiya take kamar wadda ta ci gari da yaƙi, Marka na biye tana rabon ƙosai har da masu gadi.

Bayan azahar Nuratu da kanta ta raka ta Gidan Reno. Wannan karon gilashin ya buɗe. Ɗaki ne dogo, fari tas, gadaje ɗari uku a jere. A saman kowane layi akwai dogon ƙarfe da hannaye masu laushin roba ke zirga-zirga a kai, wannan na ba da kwalba, wancan na sauya ƙunzugu. Ba datti, ba ƙuda, ba wari. Ba kuma kukan yaro. Abin da ake ji kawai wani gunji ne na injin iska, siriri, mara yankewa.

Haladu na gado na tamanin da shida, yana tsaye riƙe da ƙarfe. Ya kusa shekara biyu. Goshin Ladidi ne sak.

"Maigida," in ji Tasalla. "Ka ga na daɗe ko? Zo."

Ta sa hannu ta ɗauke shi. Yaron ya sandare. Ya dubi hannun da ya riƙe shi, hannu mai kaushi mai ɗumi, sai ya tsala ihu. Ya banƙare, yana miƙa hannayensa sama wajen hannun robar da ke wucewa, yana kiransa da wani sauti da ba Hausa ba. Ta juya shi baya don ta goya, ya riƙa dukan ƙeyarta yana zamewa kamar kifi.

"Kada ki ji haushi, Inna," in ji Nuratu a hankali. "Duk wanda ya wuce shekara a nan haka yake yi. Ba su saba da ɗumin jiki ba. Hannayen nan a sanyaye ake barinsu don ƙwayoyin cuta."

Tasalla ta gyara riƙon yaron. A ranta ta lissafa. Da ta bi shawarar Marka ta je hawa na goma sha biyu, ta yi wa roba murmushin ƙarya, da tun yana ɗan wata shida yana bayanta. Ta tsaya kan gaskiyarta, ta kuma ci, mata dubu biyu da ɗari shida za su ji an wanke su. Amma ba ita ta biya ba. Wannan da ke dukan ƙeyarta shi ya biya, da shekara ɗaya da rabi na rayuwarsa. Ta haɗiye wannan ita kaɗai, ba ta ba kowa ya taya ta ba.

"Da me suke barci?" ta tambaya.

Nuratu ta nuna rufi. "Da wannan ƙarar. In aka kashe injin iska, duk ɗakin sai ya tashi."

Tasalla ta ja zani ta ɗaure yaron tam, yana ihu yana harbi. Ta rufe ido ta kasa kunne. Ta gwada da maƙogwaro, ya yi kauri. Ta rage, ta mayar da shi hanci, ta ja shi dogo ba hawa ba sauka, har sautinta ya shige cikin na injin ba a bambance su. Waƙoƙin reno sun fi talatin a kanta, na kakarta da na uwarta, ba ta taɓa ko ɗaya ba.

Harbin ya ragu. Ihun ya koma shessheƙa. Can sai ta ji ɗan kunci ya sauka a tsakiyar bayanta, da nauyi, yana sauraron gunjin da ke fitowa ta cikin ƙashinta.

Nuratu ta buɗe baki za ta yi magana, Tasalla ta ɗaga mata yatsa. In ta tsaya amsawa, zai farka.

Haka ta bi tsakanin gadajen tana gunji kamar injin iska, kanta a sama. Tana wucewa, yara na miƙewa ɗaya bayan ɗaya suna kama ƙarfen gado, ɗari biyu da casa'in da tara, suna bin ta da kallo. Ba su taɓa ganin inji mai tafiya da ƙafa biyu ba, ɗauke da ɗan'uwansu a baya.